Kujera, Alli da Agogon Waya: Yadda Ake Auna Tafiyar Mai Cutar Parkinson

Kafin ladan ya kira La'asar a Gabukka, dattijon ya riga ya yi alwala, domin ya san tafiyar da samari ke yi a minti biyu shi sai ta ci masa goma. Ya taso daga tsakar gida a ranƙwafe, taku gajeru, silifas na sharar ƙasa, hannun dama a manne da jiki, yatsu na motsi kamar mai jan carbi. Yana isa bakin zaure sai ya tsaya cak. Babu abin da ya tare shi. Gangar jiki ta yi gaba, ƙafafu sun ƙi ɗaguwa, gwiwoyi na kaɗawa a wuri guda.

"Baba, a tako mana," in ji jikansa.

Sakan biyar, sakan goma, sannan ƙafar ta saki. Ya fice da sassarfa, bai iya tsayawa ba sai da ya dafa katangar maƙwabta.

Irin wannan dattijo ba baƙo ba ne a unguwannin Gombe irin su Gabukka, ko Pantami, ko Jekadafari, ko Bolari. A gida akan ce tsufa ne. Wasu su ce sanyi ne ya shige shi, wasu su tafi ga iska ko sammu. Shi kuwa mai ciwon, ko da safiyar ranar ya faɗi a banɗaki, in aka ce masa "Ya jiki?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Amsa ce ta tarbiyya da tawakkali, sai dai likita ba ya iya daidaita magani da ita. Shi ya sa masu kula da cutar Parkinson suka daɗe suna neman hanyar mayar da tafiya da tsayuwa su zama lamba.

Karkarwa ake gani, faɗuwa ke kwantarwa

A 1817 ne wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana cutar a rubuce, bisa mutum shida kacal. Uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, daga yanayin tafiyarsu ya gane akwai matsala. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Da yawa a Arewa sun fara sanin ta ne ta jikin ɗan dambe Muhammad Ali, wanda aka gano yana da ita a 1984, duniya ta kalle shi yana kunna wutar gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 hannu na rawa.

Asalin abin a can cikin ƙwaƙwalwa yake, inda ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ke mutuwa sannu a hankali. Wannan sinadari shi ke sa motsin da mutum ya saba, irin su taku da juyawa da kaɗa hannu, su zo ba tare da an yi tunani ba. In ya yi ƙaranci, jiki ya yi nauyi, gaɓɓai su sandare, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna fara'a.

Karkarwar ce ke jan ido, amma ba ita ke kai mutum gado ba. Nazarin da masana a Ostireliya suka tattara a 2013 ya nuna kusan shida cikin goma na masu cutar kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kusan huɗu cikin goma kuma sukan yi ta faɗuwa. Ga tsoho, faɗuwa ɗaya na iya zama karayar ƙugu, daga nan sai wajen mai ɗori, sai doguwar kwanciya, sai gyambon kwanciya da ciwon huhu. Wanda bai karye ba ma tsoro ya kama shi, ya bar zuwa kasuwa, ya bar jam'i, ƙafafun su ƙara mutuwa.

A Najeriya an jima ana bin sawun cutar. Binciken gida-gida da Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da abokan aikinsa suka yi a Igbo-Ora a shekarun 1980 ya samu kimanin mutum 60 cikin kowane 100,000 da suka kai shekara 40. A Kano, Farfesa Lukman Owolabi da abokansa sun duba marasa lafiyar da suka zo asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala tsakanin 2007 da 2011, suka samu kusan 100 da alamomin, galibinsu maza. Rajistar ƙasa da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke jagoranta tun 2016 ta tara sama da mutum 800 zuwa 2020, kuma matsakaicin shekarun da ciwon ke farawa bai yi nisa da 60 ba. Waɗannan duk waɗanda suka iso asibiti ne. Na cikin lungu ba sa cikin lissafi.

Mita uku

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi yaɗuwa a duniya ba ya buƙatar lantarki. Kujera mai hannuwa, awon tela, alli, da agogon da ke cikin kowace waya, shi ke nan. Za a iya kiransa gwajin tashi-ka-tafi. Masu bincike biyu a Montreal ta Kanada, Podsiadlo da Richardson, suka tsara shi yadda ake yinsa yanzu a 1991.

Ana zaunar da majinyaci ya jingina sosai. A auna mita uku daga ƙafar kujera a ja layi. Ma'aikaciya ta ce, "Baba, bismillah, a tashi," ta danna agogo. Ya miƙe, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna, ta tsayar. Tsoho mai lafiya kan gama cikin sakan goma ko ƙasa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na ɗaukar sakan 12 zuwa sama a matsayin alamar haɗarin faɗuwa, ga masu Parkinson kuwa wasu masana na sauko da iyakar zuwa wajen sakan 11 da rabi.

Lambar rabin labari ce. Mai ido yana kallon ko sai da majinyacin ya yi yunƙuri biyu ko uku kafin ya bar kujera, ko hannu ɗaya ba ya kaɗawa, da taku nawa ya yi wajen juyawa. Mai lafiya taku biyu zuwa uku ya juya. Mai wannan ciwo yakan juya gaba ɗayansa, kai da kafaɗa da ƙugu a haɗe, da 'yan taku shida ko takwas, kuma nan ne ƙafa ta fi kafewa. Sai a ga kuma yadda ya koma kujerar: ya zauna ne, ko ya faɗa mata?

Akwai ƙarin dabara. A sake gwajin, amma a ce ya riƙa ƙirga baya-baya, ko ya ɗauki kofi cike da ruwa. Tunda tafiyarsa yanzu da hankali yake yinta, da zarar an raba masa hankalin sai ta lalace. Mutumin da ya yi sakan 11 zai iya komawa 18. Wannan gwaji na biyu ya fi kama da rayuwar Bahaushe, wanda ba ya tafiya daga gida zuwa masallaci bai amsa gaisuwa biyar ba, buta a hannu. Iyalai kan lura cewa Baba ya koma tsayawa cak in za a gaisa, su ɗauka girmamawa ce, alhali ƙwaƙwalwar ce ta kasa haɗa magana da taku.

Fizga daga baya

Gwaji na gaba yana da ɗan ban tsoro in ba a yi bayani ba. Likita ya tsaya bayan majinyaci, bango a bayansa shi ma don kada su zube tare, ya gargaɗe shi, sannan ya fizgo kafaɗunsa baya da ƙarfi. Mai lafiya taku ɗaya ko biyu zai yi ya tsaya. Wanda ya yi uku zuwa biyar, matsala ta fara. Wani kuma ko taku ɗaya ba zai yi ba, zai taho ne gaba ɗaya sai an tare shi.

Wannan fizga ita ce ke raba matakan cutar a ma'aunin da Margaret Hoehn da Melvin Yahr suka wallafa a New York a 1967, wanda har yau ake amfani da shi. Mataki na ɗaya ciwo a ɓari guda, na biyu a ɓangarorin biyu, na uku shi ne inda daidaiton jiki ya fara gushewa, na biyar sai keken guragu ko gado. Tana kuma cikin babban ma'aunin da ƙungiyar likitocin cututtukan motsi ta duniya ta sabunta a 2008, inda ake ba kowane abu maki daga sifiri zuwa huɗu.

Masu sukar gwajin na cewa fizgar likita ƙaƙƙarfa da ta siririyar ma'aikaciya ba ɗaya ba ne, don haka sakamakon na iya bambanta daga hannu zuwa hannu. A nan Arewa akwai ƙarin abu: ƙaramin likita kan ji nauyin fizgar sa'an kakansa, sai ya ɗan taɓa shi kawai, a rubuta lafiya lau. Ga mata kuma ya fi dacewa mace ta yi, domin tsohuwar da ta takura saboda namiji na bayanta ta riga ta sandare kafin a taɓa ta.

Berg da ƙannensa

A sashen gashi, inda likitocin fisiyo ke da lokaci fiye da na ɗakin ganin likita, an fi jin sunan ma'aunin Berg. Katherine Berg ce ta fito da shi a Kanada a 1989: ayyuka 14, jimillar maki 56, kusan minti 20. A ciki akwai tsayuwa ido a rufe, tsayuwa da ƙafa ɗaya, juyawa zagaye guda, da ɗauko takalmi daga ƙasa. Rauninsa shi ne a farkon cutar mutum zai iya cinye kusan duk makin, ya koma gida ya faɗi, domin yawancin ayyukan a tsaye ake yinsu wuri guda.

Don toshe wannan giɓi ne aka fito da Mini-BESTest a 2010, daga aikin Fay Horak ta jihar Oregon a Amurka. Shi ma ayyuka 14 ne, maki 28, amma ya haɗa da tsayuwa a kan soso, tsayuwa a gangare, tsallake akwati, da tafiya ana waiwaye. Sauran ƙananan gwaje-gwajen ba su da wahala: a miƙa hannu gaba a jikin bango a auna santimita nawa aka kai ba tare da ɗaga ƙafa ba, a tashi a zauna sau biyar hannuwa a ƙirji, ko a auna saurin tafiyar mita goma.

Mafi arha duka shi ne wanda masana a birnin Sidni suka gwada a 2013, mai matakai uku. Ya faɗi cikin shekarar da ta wuce? Ƙafarsa ta kafe cikin watan da ya wuce? Tafiyar mita goma na ɗaukarsa fiye da sakan tara? Wanda ya haɗa ukun yana cikin babban haɗarin faɗuwa a watanni shida masu zuwa. Tambayar farko ce ta fi nauyi, kuma ita ce dattawa suka fi ɓoyewa. Gara a tambayi uwargida ko jikan da ke kwana ɗakin.

Ƙafar da ba ta kafewa gaban likita

Kafewar ƙafa tana da wani hali mai ba likitoci haushi: ba kasafai take zuwa a asibiti ba. Baranda mai faɗi, daɓe sumul, hankali a tattare, sai majinyaci ya yi tafiya tsaf, ɗan da ya kawo shi ya rasa bakin magana. Abin da ke tayar da ita shi ne ƙofa matsattsiya, juyawa a ƙuntataccen wuri, cunkoso, da gaggawa.

Saboda haka aka koma ga tambaya. Nir Giladi ya tsara tambayoyi shida kan kafewa a 2000, aka sabunta su a 2009 aka haɗa da ɗan bidiyo, domin mutane da yawa ba su san abin da ke samunsu yana da suna ba sai sun gan shi a jikin wani. A asibiti kuma akan sa mutum ya yi ta juyawa a wuri ɗaya da sauri, dama da hagu, don a tsokano ta. Wayar hannu ta kawo sauƙi a nan. Bidiyon sakan talatin da jika ya ɗauka a bakin zaure ya fi dogon bayani amfani ga likita.

Tambayar da ba ta san Gombe ba

Duk waɗannan ma'aunai an gina su ne a kan rayuwar wasu mutane. Sanannen ma'aunin nan na 1995 da ke auna yadda tsoho ya amince da ƙafafunsa, mai tambayoyi 16, yana tambayar ko mutum zai iya tafiya a kan hanyar da ƙanƙara ta daskare, ko hawa matattakala mai tafiya da kanta. Dattijon Gabukka zai yi murmushi kawai.

Abin da takardun ba su tambaya ba shi ne ainihin ranarsa. Salloli biyar na farilla kaɗai na nufin tashi daga ƙasa wajen sau 17, ban da ruku'u da nafila. Alwala a tsugune ake yinta. Masai na tsuguno ne, sau da yawa ƙasan a jiƙe, babu abin kamawa. Abinci a kan tabarma. Sai dokin ƙofa, da kwatar da ke bakin gida, da rairayin da ƙafa ke nutsewa a ciki, da kwazazzaban da zaizayar ƙasa ta haƙa a sassan garin Gombe. Sai babbar riga ko zani da ke harɗe ƙafa, da hawa acaɓa, da fita Asuba cikin duhu in babu wuta. Mutum zai iya cin gwajin kujera da sakan goma, ya kasa ɗagowa daga sujada.

Wannan bai sa a watsar da ma'aunan ba, domin amfaninsu shi ne lambar Gombe ta yi magana da ta Kano da ta Landan. Abin da ya dace shi ne a ƙara a kansu. Ba ya cin komai a shimfiɗa darduma a ɗakin gwaji a auna sakan nawa mutum ke ɗauka ya tashi daga zaman tahiya, da ko sai ya dafa. Ba ya cin komai a tambaya ko ya koma salla a zaune, kuma tun yaushe. Malamai sun daɗe da bayyana cewa shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune, amma dattawa da yawa sai sun faɗi cikin sahu suke yarda da kujera. Ranar da suka yarda ɗin, ga likita, alama ce ta matakin da ciwon ya kai.

Batun harshe ma na nan. A Gombe majinyaci na iya zama mai jin Fulatanci ko Tera ko Tangale fiye da Hausa, ga kuma wanda bai yi boko ba da za a ce ya bayyana tsoronsa da kashi cikin ɗari. Gwajin da ake gani da ido ya fi takardar tambayoyi aminci a irin wannan hali.

Ƙarfe nawa aka sha magani?

Lamba ba ta da ma'ana in ba a rubuta lokaci ba. Babban maganin cutar, lebodofa, wanda aka fara cin moriyarsa sosai a ƙarshen shekarun 1960, yana aiki ne na 'yan sa'o'i. Mutum ɗaya zai iya yin sakan 12 awa guda bayan ya sha, ya yi 25 in ƙarfinsa ya sauka. Wanda ya baro gida tun da sassafe ya bi layin kati, aka gan shi da azahar, mai yiwuwa a mafi munin halinsa aka auna shi. Abinci mai gina jiki kamar nama da wake da nono na rage shigar maganin in aka haɗa su lokaci guda, abin lura a garin da fura da nono ke cikin abincin yau da kullum. Azumi ma kan sauya lokutan sha, don haka ya kamata a shawarci likita tun Sha'aban.

Akwai wani awo da ake mantawa: hawan jini a kwance, sannan a tsaye. In lambar sama ta sauka da 20 cikin minti uku da miƙewa, to jiri ne ke kayar da mutumin, kuma cutar da maganinta duk suna iya jawo shi. A zafin Maris da Afrilu abin ya fi tsanani.

Sai kuma samun maganin kansa. Binciken da Farfesa Okubadejo da abokanta suka yi a kantunan magani sama da 100 a shiyyoyin ƙasar shida ya samu lebodofa a kusan rabinsu kawai, kuma farashinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Da yawa sai su koma ga Artane ko Exol, ƙwayar nan mai arha da wasu matasa suka mayar kayan maye. Tana rage karkarwa, amma ba ta gyara tafiya, kuma ga tsoho takan kawo ruɗewa da mantuwa. Iyali su ga hannu ya lafa su ce an samu sauƙi, agogo kuwa ya nuna akasin haka.

Wa zai riƙe agogon?

A ƙasashe masu hali an wuce nan. Akwai shimfiɗa mai na'ura da ke auna tsawon kowane taku, akwai agogon hannu da 'yar na'urar ɗaurawa a ƙugu da ke kwana da majinyaci tana ƙirga kafewa. A farkon 2023 hukumar da ke tantance magunguna da na'urori ta Ingila ta amince, bisa sharaɗi, a yi amfani da irin waɗannan na'urori guda biyar yayin da ake ci gaba da tattara hujja. Masu goyon baya na cewa minti goma a asibiti ba ya nuna mako guda a gida. Masu ɗari-ɗari na cewa tarin bayanai ba shi ne kulawa ba, kuma har yanzu tarihin faɗuwa na cikin abubuwan da suka fi hasashen faɗuwa ta gaba.

A Gombe tambayar ta fi wannan sauƙi. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne ƙwarai a Najeriya, kuma a manyan asibitoci suke. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a kan titin Ashaka, wanda aka kafa a 1996 aka ɗaga darajarsa a 2014, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, jami'o'in Bayero da Maiduguri kuma na yaye likitocin fisiyo. Amma jihar na da mazaɓu 114, kuma ƙaramin asibitin unguwa ne tsoho ke fara zuwa, yawanci don awon hawan jini. Ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya koyon gwajin tashi-ka-tafi da tambayoyin nan uku a yini guda. Ba zai gano cutar da su ba, domin shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa da wasu magungunan tabin hankali da na amai duk suna iya ɓata tafiya, amma zai san wanda ya kamata a tura gaba da wuri.

Kuma akwai abin yi bayan awon. Tun 1967 likitan Birtaniya Purdon Martin ya nuna cewa layukan da aka ja a ƙasa na taimaka wa mai kafewa ya taka, domin ido na karɓar aikin da ƙwaƙwalwa ta saki. Layin fenti a bakin zaure, ko ƙirga "ɗaya, biyu" da ƙarfi, ko karkata nauyi zuwa ƙafa ɗaya kafin a ɗaga ɗayar, duk sun fi jan hannu, wanda ke ƙara kafewar ne. Motsa jiki na kullum da atisayen tsayuwa na rage faɗuwa, musamman in an fara kafin ciwon ya yi nisa. Ƙarfen kamawa a banɗaki, kujerar alwala, takalmi mai riƙe dunduniya da tocila a gefen shimfiɗa ba su kai kuɗin ɗori ɗaya ba.

Rabon iyali a aikin shi ne littafin makaranta mai shafi 40. Duk faɗuwa, ko tuntuɓen da aka tare, a rubuta rana, da wuri, da abin da yake yi, da awa nawa da shan magani. In bayan wata uku shafukan suka nuna yawancin faɗuwar da Asuba ne kafin ƙwayar farko, likita zai gyara lokacin sha. In a masai ne, aikin mai walda ne. In kuwa daga miƙewa ne, sai a koma kan awon jini.